Rabon Ƙasa

In kana neman mutumin da hassada ta ci wa hanta, ba sai ka yi nisa ba, ga Mai Lauje nan. Abin haushin kuma, ba bare yake yi wa ba, ƙaninsa ne ciki ɗaya, Auta.

Su biyun a tashar iri suke aiki, can bakin gari inda filin kiwo ya fara. Aikin tashar shi ne a tara irin ciyayin daji, a shanya, a sheƙe, a gwada, sannan a watsa a wuraren da dabbobi suka cinye har suka koma faƙo. Mai Lauje ya daɗe a wurin, tun tashar tana rumfa ɗaya. Shi ke shiga daji da buhu a kafaɗa, kuma shi ya roƙa wa Auta aikin da bakinsa.

To, ka san halin duniya. Auta ya yi boko, aka tura shi kwas, ya dawo aka ba shi ɗakin gwaji mai fanka, da farar riga, da babur. Aikinsa ya jera ƙwayoyi a kan jiƙaƙƙen ƙyalle cikin faranti, ya zauna jiran waɗanda za su tsira. Wai wannan ma aiki ne! Mai Lauje zai dawo daga daji wando duk ƙarangiya, ya hango baƙi ta taga suna gyaɗa wa Auta kai, alhali ƙwayar da suke kallo shi ya sha rana ya kawo ta.

A gida ma haka. Tsohuwarsu in ta ji ƙarar babur sai ta miƙe tana cewa, "Autana ya dawo, ku kawo masa ruwa." Mai Lauje kuwa ko da kura ce ta biyo shi, abin da za ta ce shi ne ya kakkaɓe ƙafarsa kafin ya hau tabarma.

Abu ɗaya ya rage masa wanda Auta bai sa wa hannu ba. A bayan wani dutse, cikin kwarin da shanu ba sa iya gangarawa, akwai jar kyasuwa mai kaurin kara, wadda ta ɓace a duk filin. Babansu marigayi ne ya nuna masa, lokacin Auta yana goye. Ya ce masa, "Kada ka taɓa ta sai ka murza kanta ta zube da kanta a tafinka. In za ka ɗiba, ɗibi kaɗan, sauran rabon ƙasa ne. Kyasuwa ba ta tashi daga saiwa, abin da ya zuba bana shi zai fito baɗi."

A tashar kuwa akwai al'ada, duk wanda ya gano iri, da sunansa ake kiran irin. Akwai gambar Direba, akwai harkiyar Maigadi. Shi ya sa Mai Lauje ya yi shekaru yana lallaɓa wurin nan a ɓoye, yana tare bakin kwarin da ƙaya, yana jira ta yi yawa. Burinsa a duniya bai wuce wata rana ya ji an ce "kyasuwar Mai Lauje" ba.

Sai ga bakin Tsohuwa. Wata rana suna cin abinci, Auta ya ce Manaja, matar da ke shugabancin tashar, tana neman jar kyasuwa ido rufe. Tsohuwa ta ce, "Ai babanku yana da wani wuri bayan dutse. Tambayi yayanka."

Auta ya ajiye cokali. "Haba Yaya! Kana da wannan ka yi shiru? In Manaja ta dawo daga tafiya sai mu je da ita, lokacin ta nuna."

"Allah ya kai mu," in ji Mai Lauje, ya ture kwanon abincin gefe. Mu je! Ya riga ya ga yadda za a yi, Auta a gaba da farar riga yana zuba bayani, shi kuma a baya riƙe da buhu kamar jaki. Haushi ya cika shi har wuya.

Washegari da hantsi yana cikin kwarin. Kyasuwa ta yi kyau ba kama hannun yaro, ta kai masa ƙugu, kawunanta ja wur. Ya kama kai ɗaya ya murza. Ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Ya murza wani, haka. Kada ka ce bai sani ba, wallahi ya sani sarai, mutumin da ya koya wa rabin ma'aikatan tashar wannan murzawar. Amma sai ya ce a ransa, ai ta kusa, za ta ƙarasa a buhu. Ya sa lauje. Da ya zo kan rabon ƙasa ya ɗan tsaya, sai ya tuna in ya bar ko tsinke, shi Auta zai nuna wa Manaja. Ya share wurin tas.

Iri a buhun yadi ake zuba shi, don ya sha iska. Amma buhunan yadi suna hannun mai sito, mai sito kuwa bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Don haka buhunan leda ya zo da su. Ya danna ɗanyen kai a ciki, ya ɗaure baki, ya ɓoye a ɗakin awakin gidansu ƙarƙashin rufin kwano mai zafi, yana jiran Manaja.

Ranar da ta dawo ya yi wanka, ya sa sabuwar hula, ya turo kayan a baro har tsakar tashar. Ma'aikata suka taru. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ga jar kyasuwa, ni na samo ta." Ya kwance bakin buhu.

Wani ɗumi ya buso, da wari irin na rigar da aka manta a bokiti. Manaja ta tura hannu ta ciro dunƙule baƙi ƙirin, duk fumfuna. Ta jujjuya dunƙulen a tafinta.

"Ba komai," ta ce a hankali. "Sai mu koma mu ɗebi sauran in ya nuna."

"Babu saura."

"Ban gane ba. Ina rabon ƙasa?"

Mai Lauje ya sunkuyar da kai. Direba ya yi salati. Nan Auta ya matso ya ce, "Ranki ya daɗe, awaki ne suka fasa shingen. Da Yaya bai yi sauri ba, da ko wannan ba mu samu ba."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ta hana a sallami Mai Lauje. Kana tsammani ya gode? Ina! Sai ma ya ji ya ƙara tsanar yaron. Wato har rufin asirinsa ma sai ta hannun Auta.

Aka ce a zubar da buhunan a juji, Auta ya ce a bar masa. Ya shimfiɗa su a ɗakin gwaji, ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya yi ta tsinta da ɗan hantsaki yana ware 'yan ƙwayoyin bakin buhu da ba su jiƙe ba. Abin da ya samu bai cika murfin kwalba ba. Mai Lauje yana wucewa ta taga yana tsaki, yana cewa ɓata lokaci.

Da damina ta zauna, ya saci jiki ya koma kwarin. Ya bi shi lungu lungu, har da rarrafe. Ƙarangiya da tafasa ne suka gaje wurin. Ya zauna a kan dutsen da babansa ya saba zama, ya yi kuka irin na manya, wanda ba a jin sautinsa.

A tashar kuwa, 'yan ƙwayoyin nan wasu sun tsira. Auta ya dasa su a wani ɗan fili bayan ɗakin gwaji, faɗinsa bai wuce tabarma ba, aka kewaye da waya. Kafin ƙarshen damina sun fitar da kai ja wur. Ba wanda ya yi shawara da kowa, sai kawai aka ji ma'aikata suna cewa "kyasuwar Auta."

"Ku daina," in ji Auta. "Ta Yaya ce."

Direba ya tuntsire da dariya. "Ta yayanka ai tana juji!"

Ruwan sama ya ɗauke da wuri a shekarar, Manaja ta ce a riƙa ba filin ruwa da hannu. Wa za a sa in ba Mai Lauje ba? Yana cikin ban ruwan wata rana da la'asar sai ya ji ƙarar babur. Auta ne ya ɗauko Tsohuwa, wadda har yau labarin awaki ta sani. Ta sauko da ƙyar, ta dafa waya, ta leƙa. Sai hawaye.

"Ciyawar babanku! Wayyo, ban zaci zan sake ganinta ba." Ta kama kan Auta ta shafa. "Allah ya yi maka albarka, kai ka raya abin ubanka."

Auta ya dubi yayansa. Tsohuwa ta juyo ta ga Mai Lauje tsaye da bokiti, ruwa yana ɗiga a ƙafarsa.

"Kai kuma ka tsaya kallon me? Zuba mata mana. Ka bi a hankali, kada ka taka masa."

Mai Lauje ya durƙusa ya zuba.