Vodka Mai Tsami Ranar Ɗaurin Auren Hansai

Tamimu bai taɓa sa giya a bakinsa ba, amma da haɗa ta yake ci. A wani otal a Jos ya koyi sana'ar tun yana saurayi, kuma ita ta kai shi Riyad, gidan wani jami'in jakadanci Bature mai suna Mista Radek, a unguwar jakadu, inda ake shigo wa baƙi da kwalabensu cikin kayan ofis ba mai bincikawa. A iƙamarsa, wato takardar izinin zama, an rubuta kuku ne. Girkin yana yi, amma abin da ya sa Mista Radek ya riƙe shi kam-kam shi ne wani haɗi da Turawa ke kira vodka sour, wanda yake sha kowace yamma in ya dawo daga aiki. Ɗaliban Najeriya da ke karatun addini a garin sun sha yi wa Tamimu nasiha a kan aikin. Yakan sunkuyar da kai ya ce su taya shi addu'a, yana nan bari.

Ranar hutunsa unguwar Gubaira yake tafiya, inda 'yan gida suke. Can ya san Hansai, bazawara 'yar Maraɗi, wadda ta zo umara ta zauna. Tana dama fura da kunun gyaɗa a ɗakinta, direbobi da leburori suna zuwa saye da robobinsu. Mace ce mai dariya da ƙarfi, mai faɗar magana ba kwana-kwana. Ranar da ya gaya mata ainihin aikinsa, ta dube shi ta ce, "To Malam Tamimu, ni dai hannun da ya taɓa kwalba sai ya sha sabulu kafin ya taɓa ludayina." Ya wanke hannun a gabanta, ta zuba masa fura har da ƙari.

Sun yi maganar aure, amma ba ta da takarda, ba inda za a rubuta musu. Suna cikin neman dabara aka shiga kamen marasa iƙama a ƙarshen 2013. 'Yan jawazat, jami'an shige da fice, suka tare bakin layinsu da hantsi, suka kwashe mata da yawa, har da ita, ko ƙullun da ta jiƙa ba ta tace ba. Daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka sa ta a jirgi. Ta kira shi daga Maraɗi, murya a dishe, ya rantse mata da kwantiraginsa ya ƙare zai zo a ɗaura.

Kwantiragin ya ƙare, ya sabunta. Ba wanda ya tilasta masa. Ginin da ya fara a Bukuru ne ya kai linta, ya ce bari a rufa. Da aka rufa, ya ce saura ƙofofi da tagogi. Kullum yana kiranta, kullum yana cewa ta ƙara haƙuri kaɗan, yana ganin ai duk don ita yake yi.

Wata Alhamis da safe, yana yanka albasa, ta kira.

"Malam Tamimu, ban so ka ji a bakin wani. Gobe bayan Juma'a za a ɗaura mini aure."

Ya ajiye wuƙar. "Hansai, wasa kike?"

"Ka taɓa jin na yi wasa da irin wannan? Mamane ne, mai shagon hatsi a unguwarmu. Matarsa ta rasu bara. Ba wanda ya sa ni, ni na amsa."

"Ginin ya kusa, wallahi fenti kawai ya rage."

"Ni ba fenti na jira ba, kai na jira. Na gaji da zama matar waya. Shekaruna suna tafiya, ina son in haihu. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka."

Ta ɗan saurara, ta yi masa sallama a hankali, ta kashe.

Washegari ya yi Juma'a, ya rasa inda zai sa kansa. Gubaira kowa ya san labarinsu, ba zai iya da idanun mutane ba, sai ya koma gidan aiki. Ya tarar da falo cike da kwalaye, don an yi wa Mista Radek canjin wurin aiki, ƙarshen wata zai koma ƙasarsu. Baturen ya leƙo kicin da gajeren wando, fuska a sake.

"Tamimu, gara da ka dawo. Can gida ba ni da kai. Zo ka koya mini haɗin nan da hannuna, kada in je in riƙa shan ruwan wanke kwano."

Lokacin la'asar ta yi a Riyad. Tamimu ya san a Maraɗi yanzu ake saukowa daga masallaci. Ya ce, "To, Oga," ya jawo katakon yanka.

Ya sa Baturen ya mulmula lemon tsami a kan tebur da tafin hannu har ya yi laushi, sannan ya raba shi biyu ya matse, ya tace 'ya'yan. Ya nuna masa ruwan sukari da yake dafawa ya ajiye a firji, kofin sukari da kofin ruwa daidai wa daida. Mista Radek ya zuba awo ɗaya na lemon a gwangwanin girgizawa, ya bi da ruwan sukari ɗan ƙasa da haka.

"Tsaya, Oga. A nan nake ɗanɗanawa, kafin giyar ta shiga. In wannan ya yi daidai, sauran ba ya ɓaci."

Ya ɗiga a cokali ya lasa. Bai ji tsami ba, bai ji zaƙi ba, harshensa kamar an shafe shi da toka. Ya ce wa Baturen ya ɗanɗana da kansa, tunda shi zai riƙa yi.

Mista Radek ya zuba vodka awo biyu. Da aka zo kan ƙwai ya fasa na farko, gwaiduwar ta faɗa cikin farin, ya yi dariya ya zubar. Tamimu ya ɗauki wani don ya nuna masa yadda ake juya gwaiduwa tsakanin ɓawo biyu har farin ya zube shi kaɗai. Abu ne da ya yi sau ba adadi. A ransa yana ganin tabarmi a ƙofar gidan su Hansai, ana raba goro da dabino, wani dattijo yana cewa mun bayar, wani yana cewa mun karɓa. Ƙwan ya murƙushe a hannunsa, ya gangara har gwiwar hannu.

Ya wanke, ya fasa na uku, wannan ya fita. "A rufe a girgiza ba ƙanƙara tukuna," ya ce, "shi ke kawo kumfa. Sai a zuba ƙanƙara a sake girgizawa, har gwangwanin ya yi sanyin da hannu ba ya jurewa."

Baturen ya yi ta girgizawa, ƙanƙara tana ƙara a cikin ƙarfe. Ya tace a kofin gilashi. Farin kumfa ya taso ya kwanta a sama, ya murɗa ɓawon lemo a kai, ya kurɓa, ya lumshe ido. Da ya buɗe don ya yi godiya, sai ya ga kukunsa ya dafa bakin tebur da hannu biyu, hawaye suna sauka cikin gemunsa.

"Tamimu, mutuwa aka yi?"

"A'a, Oga. Aure aka ɗaura."

Mista Radek ya san da zancen Hansai. Ya ajiye kofin. "Sau biyu na ce ka ɗauki hutu ka je."

"Ka ce, Oga."

Baturen ya jawo kujera ya zaunar da shi, ya zuba masa ruwan sanyi, shi ma ya zauna a gefe. Suna nan zaune har kumfan kofin ya faɗa, ƙanƙarar da ta rage a kwano ta narke.

Kafin ya tafi, Mista Radek ya samo masa wani gidan a unguwar, masu biya fiye da nasa. Tamimu ya gode, ya ce gida zai koma. Aka buga masa bizar fita ba dawowa.

Ya sauka Kano da akwatuna biyu na atamfofi da turaruka da takalman mata, waɗanda ya daɗe yana saya a kasuwar Batha yana tarawa don lefe. A Bukuru ya kai su ɗakin yayarsa Mariamou, ya ce ta raba wa duk wanda ta ga dama. Ta buɗe na sama, ta ɗaga wata abaya mai aikin zare a hannu, ta dube shi.

"Tamimu, wannan ai kayan amarya ne. Ina mai su?"

"Tana ɗakinta, Yaya."

Mariamou ta ninke abayar ta mayar, ta rufe akwatin, ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta tashi ta ɗora masa ruwan wanka.