Za Mu Duba

Tun ranar da Chizuru ta bugo waya daga birni ta ce tana da juna biyu, Masaji bai sake cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba. Ita kaɗai ce 'yarsu, kuma so take ta zo gida ta haihu a gaban uwarta, kamar yadda uwar ta yi, kamar yadda kakarta ta yi. Sai dai ɗakin haihuwa na asibitin garinsu Shiomine ya daɗe a rufe. Mace in ta fara naƙuda sai an hau da ita hanyar dutse zuwa wani garin, kuma haihuwar Chizuru a tsakiyar sanyi za ta faɗo, lokacin da dusar ƙanƙara kan toshe hanyar.

Yana tsaye a bakin teku yana jera kifi a kan ragar shanya, amma hankalinsa yana kan wata kwana da ke saman dutsen. Yana ganin motar ta tsaya, yana ganin 'yarsa a kujerar baya.

"Baban Chizuru, wannan kifin sau uku kana juya shi," in ji matarsa Kimie. "Gobe akwai taron shekara. Ka je ka tambaya mana, maimakon ka tsaya kana gana wa kifi azaba."

Ya je. Zauren ya cika da masunta da tsofaffi, ana warin takalman roba da shayi. Ya zauna kusa da Gonda, shugaban unguwarsu ta Bakin Tsauni, wanda suka yi makaranta tare.

"Kai ma ka zo? Yau za a yi ruwa," in ji Gonda. "Ni dai kwalta na zo ji. In ba a yi mana hanyarmu bana ba, sauran haƙorana a ramukanta za su zube."

Shugabar gari Hayami ta miƙe. Bara aka zaɓe ta, kafin nan jirgin fito take tuƙawa zuwa tsibiri. Ta yi bayanin shekara ba tare da ado ba: an gama katangar tashar jiragen ruwa, bashin gari ya ragu, 'yan asalin garin da ke birane sun aiko da gudummawa fiye da ta bara. Yara dai har yanzu ba su kai yawan waɗanda ake binnewa ba. Da ta ce an ware kuɗin kwaltar Bakin Tsauni, Gonda ya zunguri Masaji har ya kusa faɗuwa daga kujera.

Aka ba da damar tambaya. Masaji ya tashi, ya rusuna, ya manta duk abin da ya shirya.

"'Yata ce," ya ce. "Tana so ta haihu a gida. Ina nufin, ɗakin haihuwar nan. Ko akwai hali?"

Hayami ta dube shi. "Za mu duba," ta ce.

Wani tsoho a baya ya yi tari. Masaji ya sake rusunawa, ya yi godiya, ya zauna. Duk wanda ya girma a Shiomine ya san ma'anar wannan magana. Jami'i ba ya cewa a'a a bainar jama'a, don kada ya kunyata mai tambaya. Sai ya ce za a duba, kai kuma ka gode, kowa ya tafi da mutuncinsa. Shugaban da ya sauka ya yi ta duba maganar gadar kogi har ya yi ritaya.

"Ka yi ƙoƙari, Masa," in ji Gonda a hanyar gida, muryarsa ta yi laushi. "Aƙalla ta ƙi ka cikin ladabi."

Da yamma Masaji ya kira Chizuru, ya ce ta nemi asibiti a can birni. Ta ce to, Baba, ba komai. Yadda ta faɗi ba komai ɗin ne ya hana shi sakat. Kimie ta mayar da bargon jariri da ta fito da shi cikin akwati.

Makonni suka wuce. Wata safiya yana tsakiyar feɗe kifi, hannunsa duk jini, sai ga ƙaramar motar hukuma tana tsalle a ramukan hanyarsu. Hayami ta fito da takalman roba.

"Masaji-san, na duba," ta ce, ta liƙa wa sunansa kalmar girmamawa.

Ya tsaya da wuƙa a hannu. "Kin duba me, ranki ya daɗe?"

"Abin da ka tambaya mana. Ba na ce za mu duba ba?"

Kimie, da ta fito da shayi, ta rufe baki don kada dariya ta kuɓuce mata.

Hayami ta zauna a kan akwatin kifi ta yi bayani. Ta sa an buɗe mata ɗakin, gadajen suna nan an lulluɓe su, rufin ne ke yoyo. Ta hau hanyar dutse da kanta zuwa wancan garin, ta samo wata likita da ungozoma da suka yarda su dawo in an gyara wurin an ba su gida. Kuɗi ne matsalar. Abu ɗaya ne a kasafin bana da ba a riga an fara ba.

"Kwaltarku," ta ce. "Ba zan kai maganar gaban majalisa ba sai mutanen unguwar nan sun yarda. Ni na yi muku alkawarinta."

Masaji ya ajiye wuƙar. Ya gwammace a ce ya fita teku ranar guguwa da ya tunkari Gonda da wannan.

Ya same shi yana ɗinkin koma a ƙofar gida. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi yanayi, ya tambayi ciwon bayansa, kafin ya fito da maganar. Gonda bai ɗago ba.

"Wato saboda jikanka ni zan ci gaba da zubar da haƙora."

"Ba nawa kaɗai ba. Matar ɗan tsohuwa Mitsue ma..."

"Na sani. A mota ta haihu, ni na tuƙa su." Ya ja zaren ya cije shi. "Tun muna makaranta kake cinye min abincin rana, har yanzu ba ka ƙoshi ba."

Gonda ya kira taron unguwa. Ba kowa ya ji daɗi ba. Mai kai madara ya ce motarsa ta gaji, ya tashi ya fita kafin a gama. Tsohuwa Mitsue ta ce ita kekenta ya haddace ramukan nan, ko ido rufe ba ya faɗawa, amma ta manta rabon da ta ji kukan jariri a layin. Da aka ɗaga hannu, masu yarda suka fi yawa. Gonda ne na ƙarshe, ya ɗaga nasa rabi-rabi kamar mai ciwon kafaɗa.

Bayan majalisa ta amince, Masaji ya je ya ga ma'aikata a kan rufin asibitin da idonsa, sannan ya kira 'yarsa. Gonda yana tsaye a gefensa, wai rakiya ya yi.

"Ki dawo gida," in ji Masaji. "Uwarki ta fito da bargon."

"Baba, ka tabbata? Ba cewa suka yi za su duba ba?"

"Wannan matar ba ta iya maganar ofis ba. In ta ce za ta duba, dubawa take yi."

Ya ji tana dariya tana jan hanci. Nan take ya fara tunanin ko za a gama rufin kafin sanyi, ko likitar za ta iya zaman ƙaramin gari, ko ɗumin ɗakin zai isa. Gonda ya ƙwace wayar.

"Chizuru, ni ne. Ki ce wa mijinki ya tuƙo a hankali, hanyarmu tana nan yadda kika bar ta. In kuma namiji ne, sunana za a sa masa."

Masaji ya karɓi wayarsa. "Za mu duba," ya ce.

"Irin na da, ko irin na yanzu?"

"Irin na da."