Maɓallin da Ya Lotsa

Ta hure hayaƙin dalmar gefe, ta ɗaga fanel ɗin sama wajen hasken taga, ta yi wa kanta murmushi. Kai, aiki ya yi kyau! Ɗan koren allo ne da bai wuce tafin hannu ba, hanyoyin tagulla sun bi jikinsa a jere, kowane ɗigon dalma yana sheƙi. Wayoyin ma ba a bar su haka ba, kowace da launinta, an kwantar da su an ɗaure.

Mai gyaran wayar salula na shagon kusa ya leƙo da kofin shayi a hannu. "Injiniya, wannan kuma na wane ɗan gatan ne? Tun safe ko gaisuwa ba ki amsa."

"Na Yayana ne. Matsa daga hasken."

Duk benen nan na masu kayan lantarki an san sana'arta. Akwatunan gem take haɗawa, irin na masu wasan faɗa: sanda a hagu ta motsa ɗan wasa, maɓallai shida a dama, uku a sama na naushi, uku a ƙasa na shuri, daga ƙarami zuwa babba. Abin da ya ɗaga ta sama da kowa shi ne fanel ɗinta. Ka jona shi da tsohuwar na'urar gem, ka jona da sabuwa, ka jona da kwamfuta, shi da kansa zai gane inda yake ya kama aiki. Idan aka yabe ta ba ta cewa a'a. Takan ce, "Ai na sani."

Amma akwatin da wannan fanel ɗin zai shiga ba ita ta haɗa shi ba. Yaya ne ya ƙera shi da ƙofar wani tsohon kabad, tun tana 'yar firamare, lokacin da yake da gidan gem a bakin titi. A can aka sa masa suna Guduma, saboda wani babban naushi da yake gama abokin wasa da shi idan ya matse shi a lungu. Bai taɓa wasa da akwatin wani ba, ba a kuma taɓa masa nasa. Ita kanta, da duk injiniyancinta, ko sukuru ɗaya bai taɓa bari ta kwance ba.

Sai hawan jini ya buge shi, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo da ɗan nauyi, hannu ya tsaya rabi da rabi. Ma'aikaciyar asibitin da ke koya masa motsa jiki ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: idan yatsun nan ba su yi aiki a watannin nan ba, za su ƙage, shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Yaya ya dawo gida ya wurga ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba jariri ba ne. Tsohuwar na'urarsa kuwa ta mutu yana kwance a asibiti, akwatin kuma ba ya shiga sabuwar da ɗansa ke da ita. Matarsa ce ta sato akwatin a cikin zani ta kawo shago.

Ranar da Injiniya ta buɗe shi sai da ta yi salati. Wayoyi ne a cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, duk baƙaƙe, an naɗe wasu da salatif. Ba ta tsaya bin diddigi ba, ta sa almakashi ta kwashe duka ta zuba a kwandon shara. Ta bar katakon, ta bar sandar, ta bar maɓallan, don hannunsa ya tarar da abin da ya sani.

Yanzu ta ɗaure fanel ɗin a ciki, ta bi kowace waya da mitar gwajin lantarki, ta rufe. Ta gwada a na'urorin da ke kan kantarta ɗaya bayan ɗaya, kowace ta karɓa ba gardama. Ta rungumi akwatin, ta ja ƙofar shago, ta tari bas. A cikin cunkoso wata mata ta so ta ɗora mata jaka a kansa, ta yi mata kallo ɗaya, matar ta fasa.

Matar Yaya ta tare ta a ƙofa tana goge hannu. "Auta, yau da ɗan dama. Amma kin san halinsa."

"Matarmu, kwantar da hankalinki. Yau za ki ji ihu a gidan nan."

Yaya na zaune a kujerarsa ta falo, hannun dama a kan cinya kamar an ba shi ajiya. Yana ganin akwatin ya ɗaure fuska.

"Wa ya ba ki?"

"Tsintarsa na yi a hanya."

"Kin buɗe shi?"

"Na buɗe, na kuma ga abin kunya. Yaya, wa ya koya maka jona waya?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ta riga ta ɗora masa shi a cinya. Hannun hagu bai nemi izini ba, ya je ya kama sandar. Ya juya ta a hankali, ta yi ɗan ƙaranta da ya sani, ya manta da faɗan. Ta jona wayar da na'urar ɗansa, ta nemo masa tsohon wasan nasa, wanda aka sake fitarwa a sabuwar na'ura. Kiɗan farko na tashi ta ga idonsa ya canja. Da hagu ya ɗauko hannun dama ya aza a kan maɓallai.

Ta zauna a ƙasa da ƙaramin abin sarrafa wasa na ɗansa a hannunta, suka fara. Ƙaramin naushi ya fita. Matsakaici ya fita, a makare, amma ya fita. Matarsa ta dafe ƙirji a bakin ƙofa. Ya tura ɗan wasan Injiniya baya, ya tura, har lungu, wurin da duk wanda ya taɓa shiga gidan gem ɗinsa ya san abin da ke biyo baya. Yatsa ya sauka. Ɗan wasan Yaya ya ɗaga ƙafa ya shuri iska.

"Santsi ne," in ji Injiniya. "Sake."

Ya sake. Ƙafa. Ya cije leɓe ya sake, gumi na tsatso masa a goshi. Ƙafa. Sai ya janye hannun a hankali ya mayar da shi cinya.

"Auta." Muryar ta yi ƙasa. "Ina cewa naushi, ƙafa ke fita."

"Kawo in gani." Ta jawo akwatin, ta danna maɓallin sama na ƙarshe. Naushi ya fita, tim! Ta danna na ƙasa, shuri ya fita. "Ka gani? Lafiyarsa ƙalau. Ni aikina ba ya—"

Ba ta ƙarasa ba, don ta ga fuskarsa. Da ta san abin da take tabbatar masa, da ta haɗiye maganar.

"To," ya ce. "Ashe ba hannun ba ne kawai. Kan ne." Ya taɓa gefen kansa da yatsan hagu. "Abin ya harɗe a nan ciki. Ina aika saƙo, yana zuwa wani wuri. Wace ƙwallo ce za ta gyara wannan? Ɗauke shi. Ki ba wani. Ke kuma," ya juya ga matarsa, "kada a sake tashina zuwa asibitin nan."

Ya miƙe da ƙyar, ya ja ƙafa ya shige ɗaki, ya turo ƙofa.

A kicin, matar Yaya ta jingina da firji tana kuka marar sauti. "Haba Auta! Da kin ce akwatin ne. Me zai rage ki?"

"Zai gane ƙarya ce."

Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kwantar da shi. Ita ta zo da abin da zai tashe shi, ga shi ta kwantar da shi gaba ɗaya. Ta zauna a bakin tebur da akwatin a gabanta, babban yatsanta na bin maɓallan ba tare da tunani ba. Ya bi na sama, ya bi na ƙasa. A na ƙarshen layin ƙasa ya tsaya.

Maɓallin ya lotsa. Launinsa ya koɗe, tsakiyarsa ya shiga ciki ya yi sumul kamar guntun sabulu. Ta taɓa na samansa, na babban naushi. Yana nan da sheƙinsa, kamar jiya aka saya.

Ta ƙura musu ido. Mutumin da aka sa wa suna Guduma, wanda ya shekara ashirin yana gama mutane da babban naushi, a ce bai ci maɓallin babban naushi ba? Ta tuno wasan ɗazu. Ƙarami daidai, matsakaici daidai. Wuri ɗaya kawai ake samun kuskure, kuma kullum iri ɗaya. Ciwo ba ya tsara abu haka.

Dariya ta ƙwace mata.

"Auta, lafiyarki?"

"Matarmu, mijinki bai iya jona waya ba! Tun ranar da ya haɗa akwatin nan ya sauya biyun ƙarshe, ya sa naushi a ƙasa, shuri a sama. Ya saba da shi haka har ya manta. Kansa ya manta, yatsansa bai manta ba. Ni ce na zo na gyara masa. Ina soket?"

Ta zazzage jakarta a kan tebur, ta jona ƙarfen dalma kusa da tukunyar shayi, ta kwance sukurori. Tana iya sauya maɓallan a cikin wasan, amma sai an riƙa sakewa a kowace na'ura, ranar da aka manta kuma a dawo gidan jiya. Idan a waya ne, duk inda aka jona akwatin zai tarar da shi yadda hannunsa ya sani.

Da murfin ya buɗe sai ta ɗan dakata. Ga wayoyinta nan a kwance, ja ta nufi sama, shuɗiya ta nufi ƙasa, ba wadda ta hau wata. Tunda ta buɗe shago ba ta taɓa fitar da aiki a karkace ba. Ta yi tsaki, ta yanke ɗaurin, ta narke dalmar, ta haye ja a kan shuɗiya. Muni kam ya yi muni. Ta rufe da sauri.

Yaya na kwance ya juya wa ƙofa baya. Ba ta tsaya sallama ko lallashi ba.

"Guduma, tashi."

"Na ce ki ɗauke shi."

"Zan ɗauke. Amma sai ka yi min naushi ɗaya. In ƙafa ta fita, da hannuna zan kai shi bola, ba kuma wanda zai sake yi maka zancen asibiti."

Sannan gadon ya yi ƙara.

A falo ta ɗora masa akwatin, ta kai ɗan wasanta lungu ta ajiye. Ya sunkuyar da kai yana neman maɓalli da ido.

"Kada ka duba. Da can dubawa kake yi? Kalli talabijin."

Ya ɗaga kai. Hagu ta juya sanda. Yatsan dama ya zame, ya gangara ƙasa ya faɗa cikin lotsin nan kamar an auna shi. Tim! Ɗan wasanta ya tashi sama ya faɗo da baya.

Ya sake. Tim! Ya sake. Matarsa ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi.

"Me kika gyara?" ya tambaya, bai kalle ta ba.

"Ba gyara na yi ba, ɓatawa na yi." Ta nuna masa maɓallin da ya lotsa da wanda ke sheƙi, ta gaya masa komai, ba ta rage masa ko ɗaya ba. "Kanka ƙalau yake, Yaya. Aikinka ne ba ƙalau ba."

Ya daɗe yana shafa lotsin. Ya ja hanci, ya gyara zama.

"Nawa ne daidai," ya ce. "Na sauran duniya ne a karkace."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Za ka yi wasa ko za ka yi surutu?"

Suka yi wasa na gaske, ba ta kuma raga masa ba, don ta san zai gane. Ya matse ta a lungu, ta ga naushin na zuwa tun daga nesa, ta kauce, ta gama da shi. Suka sake, ta sake cinye shi. A da, ko numfashi ba ta samu a hannunsa.

Yaya ya ɗaga hannun dama kusa da fuska, ya harari yatsan nan kamar yaron da ya makara aike.

"Wannan ne ke ɓata min lokaci," ya ce. Ya juya wajen matarsa. "Ina ƙwallon nan?"

"Tana inda ka jefa ta."

"To a miƙo min."

Matar ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta nufi ɗaki. Injiniya ta fara tattara kayan aikinta cikin jaka.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ki dawo ƙarshen mako. Ki kuma ci abinci kafin ki zo, don ba za ki ji daɗi ba."

Daga ɗaki suka ji tsintsiya na shara a ƙarƙashin gado. Ƙwallon ta gangaro ta ƙofa, ta ratsa falo, ta tsaya a ƙafarsa ta hagu. Ya dube ta, ya sunkuya, ya miƙa hannun dama.