Albarka Biyu

Ƙanena ya hana a kira shi Auta a ofis. Wai Shugaba za a riƙa ce masa. Ni da na goya shi, ni da na sha wanke masa wando, sai ga ni ina "Shugaba, Shugaba" a gaban mutane ina danne dariya. Ofishin ma ɗaki biyu ne a saman shagon gyaran waya, benen hawansa sai warin fitsarin kyanwa. Amma ya sa an rubuta kalaman ƙarfafa gwiwa a bango da jan fenti, ya sayo wasu kujeru kamar buhunan auduga, waɗanda in ka zauna sai an miƙo maka hannu kafin ka tashi.

Sana'armu wanki ce, amma faɗi haka a gabansa ka ga ɓacin rai. Shi a wurinsa kamfanin fasaha ne. Manhaja ce a waya, ka latsa, mai babur ya zo ya kwashi kayan dattinka, ya kai wa masu wanki da guga, ya dawo maka da su a ninke cikin leda. Dabarar tasa ce, wannan ba zan ƙwace masa ba, shi ya sa ma kason da ya fi tsoka yake hannunsa, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Amma mutanen da suka ɗauki aikin a ka, ni na kawo su. Injiniya, wadda ta gina manhajar, daga banki na zaro ta. Mai Waya, matar da ke amsa kiran kwastomomi tana shan zagi a madadinmu, tana aikinta lafiya lau a wani asibiti, na zauna a falonta na yi ta daɗin baki har mijinta ya yarda. Sai Kawu, dattijon da ke kula da masu babur, wanda ya daɗe yana tuƙa motar wata makaranta kafin na ja shi. Duk abu ɗaya na faɗa musu: "Ku biyo ni, ba za ku yi da-na-sani ba." Da wannan bakin nawa na faɗa.

Jarin farko ya tafi a allunan talla masu ɗauke da hoton Auta ya harɗe hannu, da wankin kyauta da muka yi ta rabawa wai don jama'a su saba da mu. Sun kuwa saba. Ranar da kyauta ta ƙare, kowa ya koma wurin mai wankinsa na unguwa. Albashi ya fara zuwa rabi-rabi. Mai Waya ta daina sayen abincin rana, ta koma cewa ta ƙoshi tun daga gida.

Ana cikin haka wani ya taya mu. Mai Wanki muke ce masa, mutum ne mai shagunan wanki da guga a unguwanni da dama, kuma rabin kayanmu a wurinsa ake wankewa. Ya hau benen nan yana haki, ya ƙi zama a buhun auduga, ya jingina da taga ya faɗi abin da ya kawo shi. Zai sayi kamfanin dungurungum, zai riƙe ma'aikata duka, kowa a kan aikinsa da cikakken albashi. Suna ne kawai zai koma nasa. Kuɗin da ya ambata ba na a yi guɗa ba ne, amma ya isa kowa ya fita da mutuncinsa. Ya ce mu yi shawara, zai dawo.

Ƙafarsa ba ta gama sauka daga bene ba Auta ya ja tsaki. "Yaya, kin ji mutumin nan? Ni zan sayar wa ɗan wanki kamfanin fasaha?"

"To mu 'yan mene ne? 'Yan sama jannati?"

"Ba za ki gane ba. Ba sayarwa ake yi a wannan matakin ba, sabon jari ake nema. Muna gab da fashewa."

"Wallahi muna gab," na ce.

Bai ji gatsen ba. Auta ba ya jin gatse, kunnensa yabo kaɗai yake kamawa.

Akwai wani attajiri mai otal-otal da Auta ya daɗe yana bibiya. Da ƙyar aka ba shi lokaci. Ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, ya ɗauki kwamfuta cike da zane-zanen layi masu hawa sama, ya tafi. Da ya dawo, tun daga ƙasan bene muke jiyo muryarsa. Ya shigo yana rawar kafaɗa, ya ce a sayo lemo.

"An gama! Yallaɓai ya shigo!"

Na ja shi ɗakin ciki na tura ƙofa. "Me ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Ya saurare ni tiryan-tiryan. Har ruwa ya sa aka kawo mini."

"Ba ruwa na tambaye ka ba."

"Ya tashi ya rako ni har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗata, ya ce, 'Yaro, ka yi ƙoƙari. Allah ya yi albarka.'"

Na tsaya ina kallonsa. "Sai kuma me?"

"Me kuma kike so ya ce? Babban mutum ne, ba a bakin ƙofa zai zaro kuɗi ba."

"Auta, ya tambaye ka kaso nawa za ka ba shi? Ya ce ka dawo? Ya haɗa ka da lauyansa?"

"Shugaba," ya gyara mini.

Kai, jama'a! Abin da ake faɗa wa ɗalibi in ya kawo sakamakon jarrabawa, abin da ake faɗa wa mai neman taimako in ba a da niyyar ba shi, shi ƙanena ya ɗauko ya rungume wai alkawarin jari. Na yi masa bayani da lalama, na yi da faɗa. Har Inna na kai wa ƙara, ita kuwa ta ce in bar mata ɗanta, addu'ar manya ba ta faɗuwa ƙasa. Na ce Inna, addu'a ba ta faɗuwa, amma kamfani yana faɗuwa. Ta ce bakina ya yi yawa.

Ranar da Mai Wanki ya dawo, na roƙi Auta abu ɗaya: ko ba zai sallama ba, ya nemi ƙarin lokaci. Ya ce in bar masa, ya san kan ciniki. Mutumin ya sake jingina da tagar nan, ya maimaita tayinsa ba ragi ba ƙari. Injiniya ta daina buga kwamfuta. Kawu yana bakin ƙofa da hular kwano a hannu. Auta ya kishingiɗa a buhunsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi wani murmushi irin na mai shanu a kasuwa.

"Albarka," ya ce.

Kun ji fa. Ashe ya san kalmar sarai. Ya san in an taya maka kaya ka ce albarka, ka ce ba ka sayarwa ke nan. A bakinsa a'a ce, amma da aka faɗa masa ita a ƙofar otal sai ta zama e. Jira yake mutumin ya ƙara, su yi ta ja-in-ja kamar cinikin akuya. Mai Wanki ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Madalla. Allah ya ba da kasuwa." Ya sauka abinsa. Auta ya so ya miƙe ya raka shi, kujerar ta riƙe shi, ba wanda ya miƙa masa hannu.

Attajirin bai sake ɗaga waya ba. Sakatarensa ya ce ya yi tafiya, daga baya ya ce yana taro, daga baya shi ma sakataren ya daina ɗagawa. Auta ya ce haka manya suke gwada haƙurin mutum. Yana nan yana cin jarrabawar haƙuri mai ginin ya canja makullin ofis.

Ni na tafi wurin Mai Wanki, na same shi a babban shagonsa cikin tururin guga da ƙarar injuna. Na ajiye girman kai a bakin ƙofa na roƙe shi ya dawo da tayinsa. Bai wulaƙanta ni ba, da ma ya yi, da na ji sauƙi. Ya ce babu sauran abin saye, kwastomomin sun watse, Injiniya kuma tuni ta fara gina masa tasa manhajar. Ban ga laifinta ba, tana da marayun yayanta a hannu.

"Amma saboda ke," ya ce, "zan ɗauki mutum ɗaya. Ɗaya fa. Ki faɗi wanda kike so."

Na tsaya a gaban wani injin da ke juya zannuwan gado. Na tsani ƙanena a lokacin, ba zan ɓoye ba. Mijin Mai Waya ba shi da lafiya, ita ke riƙe da gidan. Ita na faɗa.

Daga nan na wuce gidan Kawu. Na same shi a ƙofar gida yana wanke babur ɗin kamfani da za a karɓe, ya jingina wayarsa da bokiti yana kallon wani abu. Muryar Auta ce. An gayyace shi wani taron matasa masu neman kafa kamfani, yana tsaye a dandamali da makirufo, yana gaya musu faɗuwa makaranta ce, shi ya faɗi kuma yana alfahari, domin ya ƙi sayar da mafarkinsa da araha. Zauren ya ɗauki tafi.

"Yaron nan akwai baki," in ji Kawu, yana dariya. Ya kashe wayar, ya goge hannunsa a jikin wando, ya jawo mini benci. "Sannu da zuwa, 'yata. An ce kin je wurin Mai Wanki. Na gaya wa mutanen gida su kwantar da hankalinsu, tunda ke kika je. To, yaushe za mu fara?"