Ranar da Diep Ta Warware Maganar Kakanta

Taliya da romo nake sayarwa a bakin kasuwa a garin Vinh, kuma ni karatuna bai yi nisa ba. Amma shekarar da 'yata Diep ta shiga aji sha ɗaya, tsarin shiga jami'a ya zauna min a kai fiye da farashin ƙashin saniya. Tun ambaliyar da ta tafi da gadar ƙauyenmu tana firamare, yarinyar nan ta ce injiniyar ruwa za ta zama. Jami'ar da take so a Hanoi, babban birnin ƙasarmu, darussa uku take dubawa: lissafi, fiziks da kemistri. A kansu ta tsara komai, har da darasin yamman da za ta je da wanda za ta haƙura da shi.

Sai Malam Khoat, mai koyar da tarihi, ya gano kanta na riƙe abu, ya sa sunanta cikin 'yan gasar tarihi ta ƙasa. Kowa ya san yadda ake yi da 'yan gasa. A cire su daga sauran darussa wata da watanni, su kwana su tashi da darasi ɗaya, sauran malamai su riƙa ba su maki kyauta. In ka ciyo lamba ka shiga jami'a ba jarrabawa, amma fannin da ya shafi darasin kaɗai. In ba ka ciyo ba, ka dawo aji ka tarar an yi maka fintinkau. Wato ko ta ci ko ta faɗi, maganar injiniya an gama da ita.

Diep ta same shi cikin ladabi ta ce a cire ta. Ya yi dariya ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Bai zo wurina ba, don wa zai tsaya shawara da mai taliya? Mijina Luyen kuwa direban babbar mota ne, rabin wata yana hanyar ƙasar Laos. Sai malam ya hau babur har ƙauye wurin surukina, Baba Tuu, babban zuri'armu. Malami ya tako gidanka da ƙafarsa ya sha shayinka, ai kan tsoho ya kumbura. Kafin ƙurar babur ta kwanta ya kunna turare a gaban teburin kakanni, inda ake girmama magabatan gida da suka rasu, ya shaida musu jikarsu za ta kai sunan gida gasar ƙasa. A wurinmu kuwa abin da aka gaya wa kakanni ya zauna ke nan.

Haka Diep ta yi makonni cikin 'yan gasa. Ta rame, ta daina surutu. In ta zo taya ni wanke kwanuka sai in ga ta jingina littafin kemistrin ƙawarta da tukunya tana leƙawa. Abin ya ci min rai. Na kira Baba Tuu a waya na kwantar da murya, ya ce, "'Yar nan, magana zarar bunu ce." Ya kashe. Luyen da na tare shi da zancen sai ya ce a bi a hankali. Mutumin nan a kan titi zaki ne, a gaban ubansa kuwa kamar kazar da ruwa ya yi wa duka.

Ana haka ranar tunawa da rasuwar mahaifin Baba Tuu ta zagayo, dangi suka cika gida. Maza a tabarmin gaba, mu mata a kicin da hayaƙi. Bayan manya sun gama rusunawa aka kira jikoki bi da bi, kowa ya ɗauki turare ya yi ɗan raɗansa ya wuce. Ina fitowa da tiren kaza da shinkafa mai danƙo aka zo kan Diep. Ta kunna turarenta, ta rusuna sau uku yadda aka koya mata, sannan ta ɗaga murya.

"Kakanni, ni ce Diep, 'yar Luyen. An gaya muku zan je gasar tarihi. Ba a tambaye ni ba. Na zo in shaida muku da bakina ba zan je ba. Ajina zan koma."

Ta soka turaren cikin toka. Ni kuwa tiren ya karkace, har romon kaza ya zubo min a yatsu.

Gwaggo Nhan, ƙanwar Baba, ita ta fara magana, wai ga abin da ake samu in an bar yarinya ta tashi a bakin kasuwa. Baba Tuu bai ko dubi Diep ba. Ɗansa ya kalla, ya ce masa ya gyara gidansa. Luyen ya sunkuyar da kai yana murza hula.

A gidan nan suruka ba ta tsayawa gaban teburin kakanni sai maza sun tashi. Tun da aka kawo ni nake kiyayewa, ban taɓa ƙetarewa ba. Ranar na ratsa tabarmin maza da tirena, na ajiye shi a kan teburin, na tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'yata.

Na ce, "Baba, ai su aka gaya wa, kuma su ta zo ta gaya wa. Ina laifin?"

Ya ce, "In ta faɗi jarrabawar fa? Da wane ido za ta dubi teburin nan?"

Diep ta ce, "In na faɗi, Kaka, ni zan zo in gaya musu. Ba sai ka wahala ba."

Ba mu ci abincin ba. Muka hau babur muka kamo hanya, Luyen ya biyo mu daga baya da ƙunshin shinkafar da uwarsa ta cusa masa a ɓoye.

Ran Litinin ban ɗora tukunya ba, na tafi makaranta, don ba a cire ɗan gasa sai uba ko uwa sun zo da kansu. Malam Khoat ya bar ni tsaye yana zuba wa kansa shayi. Ya ce shi alheri ya nufa, kuma na yarda ya nufa. Ya ce a tarihi lambar tana hannunta, a can kuwa dubban yara ne ke kokawa kan 'yan kujeru, ga shi an riga an yi mata nisa.

"Kin san tana iya tashi a tutar babu?"

Na ce, "Na sani, Malam. A cire ta."

Da zan fita na bi ta bayan ajin kemistri. Ashe Diep ba ta jira ba, ta riga ta koma aji. Kujerarta ta gaba an ba wani, tana can ƙarshe kusa da tsintsiya, tana kwafar abin da ke allo da sauri. Na kalli fuskarta na ga ba ta gane ko rabinsa. Sai ga hannunta a sama.

Na kai bakin ƙofar makaranta. Na zauna kan dakalin mai gadi na yi kuka mai isata, don tsoro nake ji, kuma har yau ina ji. Jarrabawa sai baɗi. Baba Tuu bai sake kiran wayata ba, ni ma ban kira shi ba.