Shekara Goma Sha Ɗaya Dogo Yana Faɗuwa

A saman shagon mai faci akwai wani dogon ɗaki da aka shimfiɗe da katifun roba, fanka guda tana kwashe warin gumi daga wannan kusurwa tana kai wa waccan. Nan Maigida yake koyar da kokawa. A zamaninsa sau bakwai ya zama zakaran ƙasa, kuma ba baƙon da zai shiga ɗakin ya fita bai ji labarin duka bakwai ɗin ba. Abin da ba a ba baƙo labari shi ne gwiwarsa ta dama ta daɗe da mutuwa. Ko buhun gawayi ba zai iya ɗagawa ba.

Amma duk Asabar sai ya ɗaga Dogo ya maka da ƙasa.

Dogo ne babban ɗalibinsa, mai gyaran firji, uban 'ya'ya uku. Shekara goma sha ɗaya a jikinsa ake gwada kamu. A nan ya ƙware a abin da ba ya cikin darasi: da Maigida ya cafki wuyan rigarsa ya juya ƙugu, sai Dogo ya doki ƙasa da ƙafa, ya wulla kansa ta saman kafaɗar tsohon, ya faɗo tim. Sababbin ɗalibai su riƙe baki. Shi da Maigida ba su taɓa yin zancen ba, ko da wasa.

Baƙar ɗamara Dogo yake so. Sai da ita ake barin mutum ya buɗe nasa wurin koyarwa, shi kuwa har ya yi wa ɗakin bayan shagonsa fenti. Mutum huɗu da suka zo bayansa sun ɗaura sun tafi.

"Maigida, ni fa na fara furfura," in ji Dogo wata rana, yana naɗe katifa.

"In furfura ce ke ba da ɗamara, ɗana, da kakata ta buɗe makaranta."

Dogo bai yi dariya ba, bai kuma daina naɗin ba. Maigida ya daɗe yana kallon ƙeyarsa.

"To, ran Asabar. Ka kayar da ni sau ɗaya a gaban jama'a, ka ɗauki abarka."

Har tausayin tsohon Dogo ya ji. Ya kwana uku yana tsara yadda zai kwantar da shi a hankali, kamar mai sauke firjin mutane daga mota. Ranar, matarsa ta biyo shi ta zauna a bencin baƙi, ta ja hannun rigarsa.

"Baban yara, don Allah kada ka ɓalla tsohon nan mu shiga uku."

Aka yi gaisuwa, aka fara zagaye. Dogo ya kama hannun rigar Maigida, ya ji shi sakayau kamar kara. Yana ganin matacciyar gwiwar tsohon tana rawa a cikin wando. Taku ɗaya ya rage masa. Sai tsohon ya miƙo hannu, ba gaggawa, ya riƙe wuyan rigarsa da yatsu biyu, ya juya ƙugu.

Ƙafafun Dogo ba su nemi shawararsa ba. Suka doki ƙasa. Kafin ya tuna abin da ya kawo shi yana sama, kafin ya ce a'a bayansa ya daki katifa. Duk shekarun nan bai taɓa faɗuwa mai kyan wannan ba.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Matarsa ma ta tafa sau biyu kafin ta lura da wanda ke kwance.

"Kun gani ko?" Maigida ya ce da ɗalibai. "Kokawa ba tsawo ba ce. Baɗi, in da rai, sai ya sake gwadawa."

Ya miƙa wa Dogo hannu kamar zai tashe shi. Dogo ya riƙe hannun, ya tashi da ƙarfin kansa don kada ya jawo tsohon ƙasa. Da fuskokinsu suka kusanci juna, Maigida ya yi ƙasa da murya.

"Haba, ɗana. In ka tafi, wa zai faɗi mini haka?"

Sannan ya ɗaga murya: "Na baya ba su gani sosai ba. Mu sake."

Dogo ya dubi bencin baƙi. Matarsa ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jaka. Ya gyara wuyan rigarsa, ya matso.