Fankar da Baba Sifana Ya Ɗaura

"Kada ka taɓa murfin nan, Likita, sai dai in ka gaji da fuskarka."

Likitan dabbobi ya janye hannu daga bakin lagireto, ya waiga. Muryar ta fito ne daga tagar maƙwabcinsa, Baba Sifana, tsohon bakaniken da ya yi wata biyu a kwance. Mutumin ba ya iya kai kofi bakinsa sai an taya shi, amma kunnen nan nasa ko gezau bai yi ba. Mota in ta shigo layin, kafin ta tsaya ya gama faɗa wa matarsa abin da ke damunta.

Karo na biyu ke nan jif ɗin likita tana dawowa ƙofar gida tana huci. Jiya ya kama hanyar ƙauyen da yayar Baba take don ya ɗauko ta. Yana barin kwalta ya fara hawan duwatsu, sai allurar zafi ta haura ja, dole ya juyo. Ya kai ta gareji aka canja murfi, aka wanke lagireto, aka ce ta warke. Yau ma a daidai wurin ta tafasa. Ga shi duk unguwar babu motar da za ta iya wannan hanya da damina sai tasa.

Asibiti sun sallamo Baba da magana mai laushi, a kai shi gida a ba shi abin da yake so. Abin da yake so kuwa ɗaya ne, ya ga Yaya. Su biyu suka rage a ɗakinsu, rabonsu da juna shekara huɗu. Likita ya san kwanakin ba su da yawa, kuma ya riga ya zubar da biyu.

Ya matsa jikin tagar. "Baba, ai na ce maka ruwa ne ya cinye hanyar."

"Ka faɗa jiya, na kuma ƙyale ka don kana da kirki. Ruwan da ya cinye hanya ba ya warin ƙonannen tiyo. Inna, ɗaga ni."

Inna, matarsa, ta jingina shi da filo biyu, ta zauna a bakin taga don ta riƙa miƙa magana, saboda muryarsa ba ta nisa. Shekara arba'in da biyar tana wanke kayan aikinsa, har ta kai ta san sunan kowane ƙarfe, ko da yake ba ta taɓa riƙe sifana ba sai in za ta fasa ƙanƙara.

"Ya ce ka leƙa ƙarƙashi, akwai ɗigon ruwa?"

Likita ya durƙusa da farar rigarsa. "Babu."

"Ya ce ka zaro sandar baƙin mai. Baƙi ne, ko ya yi kamar shayi da madara?"

"Baƙi ne wuluk."

Daga ciki aka ji tsohon ya yi ajiyar zuciya. "To gasket ɗin kan inji bai ƙone ba. Tsohuwar motar tana da sauran kwana, ta fi mai gyaranta."

"Wannan ba zan miƙa ba," in ji Inna.

"Na ji ai," likita ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Haka suka bi motar gaɓa-gaɓa. Da ta huce aka buɗe murfi, ruwa na nan, ba kumfa. Aka danna bel ɗin inji, bai saki ba. Aka tayar da ita, Baba ya ce a matsa tiyon sama da na ƙasa, a ji ko ruwa na zagayawa. Yana zagayawa. Ya ce a haska tsakanin haƙoran lagireto ko laka ta toshe su. Fes suke. Mai shagon kusurwa ya baro shagonsa ya zo ba da shawara, ya ce shi a ganinsa motar tsufa ne kawai ya kama ta. Baba ya ce a gaya masa shi ma tsufan ya kama shi, amma ba a ga yana tafasa ba.

Tsohon ya rufe ido. Likita ya ɗauka barci ne ya sace shi, sai ya ji ya ce, "A kan kwalta tana zafi?"

"Ko kaɗan."

"In tana tsaye fa?"

"Allurar tana ɗan ɗagawa, amma ba ta kai ja."

"Sai in kana tafiya a hankali, da babbar giya, kana hawa."

"Kamar kana cikin motar, Baba."

"Inna, miƙo masa tsummana."

Tsumman nan kowa a layin ya san shi. Wani jan ƙyalle ne da baƙin mai ya rine, shekara da shekaru yana leƙowa daga aljihun Baba na baya. Da ya kwanta Inna ta wanke shi sau uku da niyyar jefarwa, shi kuwa ya karɓe ya tura ƙarƙashin filo.

"Ka bar ta tana aiki har fanka ta tashi," in ji Baba. "In ta tashi, ka shimfiɗa tsumman a gaban ragar motar, ka saki. Fanka mai hankali iska take ja ciki. Zai manne."

Suka jira. Can fanka ta ɗauka da ƙara. Likita ya shimfiɗa tsumman a jikin raga, ya saki. Tsumman ya yi sama, ya wuce kafaɗarsa, ya sauka a kan takalmin mai shago.

"Ya manne?" Baba ya tambaya.

"Ya tashi sama," in ji Inna.

"To ga ɓarawon. An juya mata waya, ja a wurin baƙi. Maimakon ta ja iska mai sanyi, zafin inji take turowa waje. A guje iskar hanya ta fi ƙarfinta, shi ya sa ba ka gani. A hankali kuwa sai su yi ta kokawa, ba mai shiga ba mai fita." Har muryarsa ta ƙara ƙarfi don daɗi. "Wane mai gyaran keke ne ya ɗaura maka fankar nan?"

Likita ya sunkuya ya ɗauki tsumman, ya daɗe yana kakkaɓe shi. Wata uku da suka wuce tsohuwar fankar ta karye, aka sa mata mai aiki da batir. A nan ƙofar gidan aka yi aikin, a kan wannan dakalin, kuma shi ne aiki na ƙarshe da Baba ya yi kafin ya kwanta. Tun daga ranar motar ba ta shiga daji ba sai jiya.

"Wani ne a can bakin kasuwa," likita ya ce. "Ba ka san shi ba."

Sai gadon ya fara motsi. Inna ta juya a tsorace, ashe dariya tsohon yake yi, har da hawaye.

"Likita, ka iya allurar shanu, amma ba ka iya ƙarya ba. Na san shi. Mijin Inna ne." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ranar nan ido ya riga ya tafi. Na riƙe wayoyin biyu, duk baƙaƙe nake ganinsu. Kunya ta hana ni in kira wani ya duba min, sai na canka. Shekara hamsin ina cika baki motar da na taɓa ba ta dawowa. Ga ta nan ta dawo, har ƙofar ɗakina."

"Da ka tambaye ni," in ji Inna. "Ina zaune a nan ina tsintar wake."

"Da kin hana ni aikin."

"Da na hana ka."

Dariyar ta lafa. Ya dubi rufin ɗaki, ya ce a hankali, "Ashe ni na tare wa Yaya hanya kwana biyu."

Wannan maganar ta soki likita, tausayi ya kama shi. Sai kawai ya kashe motar, ya nemi filaya. Mai shago ya riƙe masa bonet, Inna tana faɗin wace waya za a cire. Aikin da ya ci kwana biyu bai ɗauki minti biyar ba. Aka sake tayar da ita, fanka ta ɗauka, likita ya saki tsumman. Ya manne a raga kamar an liƙa shi.

"Ya kama," Inna ta ce.

"To me yake jira? Ya tafi mana."

Motar ta hau duwatsun nan allura ko motsi ba ta yi ba. Likita yana tuƙi yana satar kallonta, yana addu'ar kada ya dawo ya tarar da mutane a ƙofar gida. Rana ta yi sanyi lokacin da ya shigo layin, ya ga dakalin babu kowa sai akuyar mai shago. Sai a lokacin ya ji yunwa.

Yaya tsohuwa ce ƙarama, mai sanda da kaifin baki. A hanya likita ya ba ta labarin fankar don ya ɗebe mata kewa, bai san makami ya ba ta ba. Tana shiga ɗakin ta tsaya a kan ƙaninta mai shekara saba'in da biyar.

"Auta, an ce kai ka ɓata motar."

"Ni ne, Yaya."

"Tun kana yaro haka kake. Ka kwance rediyon Babanmu, ka mayar, ta koma kama tasha ɗaya."

"Ai tashar mai kyau ce."

Ta zauna a bakin gado, ta kama hannunsa, ta ce ya rame kamar ba a ba shi abinci. Inna ta ce a tambaye shi wa yake ƙin ci. Likita ya ja musu ƙofa ya fito, yana jin su ukun suna magana lokaci ɗaya.

Kwana biyu suka samu. A na ukun da hantsi, Yaya tana ba shi labarin wata rijiya da suka taɓa faɗawa tare, ta tambaye shi ko ya tuna, bai amsa ba, ashe rai ya yi halinsa.

Bayan mako guda likita ya fito da jif don ya mayar da ita gida. Ya sa mata jaka a baya, ya tayar da mota, ya tsaya jira ta gama sallama. Inna ta fito da tsumman a ninke, ta miƙa masa.

"Ya ce a bar shi a motar. Wai ba a yarda da aikin bakanike sai an gwada."

Likita ya karɓa. Yaya ta shiga gaba ta gyara zama, ta ce a yi sauri kafin hadari ya haɗo. Shi kuwa bai motsa ba sai da fanka ta tashi. Ya zagaya gaban motar, ya shimfiɗa jan ƙyallen a jikin raga, ya saki hannunsa. Tsumman ya manne, gefensa ɗaya yana ɗan kaɗawa, tagar ɗakin Baba kuma a buɗe.